Injin neman ƙarfe a yashin kogi: in saya ko in haƙura?

Ɗan Fadama, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son amsar wanda ya taɓa riƙe abin da hannunsa, ba ɗan kallo a waya irina ba.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗejiya. Albasa da alkama nake yi, sai ɗan shagon cajin waya da ƙanena yake zama. Kwanakin nan na maƙale wa kallon Turawan nan a YouTube, masu yawo a bakin teku da wani inji mai doguwar sanda, faifai a ƙasa, abin ji a kunne. Mutum yana tafe yana kaɗa shi dama da hagu, da ya yi ƙara sai ya sa wani ludayin ƙarfe mai huji-huji ya ɗebo yashi ya girgiza, sai ga zoben zinare ko tsohon kuɗi.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da gaske shi ne muna da tsohon mashigi. Kafin zuwan gada da kwalta, ta nan ake ƙetarewa zuwa kasuwa: fatake da jakunansu, Fulani da shanu, mata masu tallan nono, in damina ta yi kuma 'yan fito su karɓi kuɗinsu a bakin ruwa. Kakata takan ce ranar kasuwa in ka jefa allura a wurin ba za ta kai ƙasa ba. A saman gaɓar kuma akwai kufan garinmu na da, wanda yanzu gonar baffana ce, har gobe garma tana tono katanga da tsofaffin duwatsun niƙa.

Ambaliyar 2022 ta zaftare gaɓar sosai. Da ruwa ya janye, yara masu kiwo suka riƙa tsinto kuɗaɗe masu huji a tsakiya, suna zira musu zare suna wasa. Na karɓi guda uku na ba su kuɗin alewa. Biyu sun ci ƙasa, ba a ganin komai sai hujin. Na ukun kuwa fari ne tas, faɗinsa ya ɗara na murfin kwalba. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida ya kewaye hujin, an rubuta British West Africa da 1936. Ɗaya gefen akwai hular sarauta a saman hujin, rubutun Larabci a ƙasansa, a zagaye kuma na iya karanta EDWARDVS VIII. Babu hoton kan mutum ko kaɗan. Wani mutum a kasuwa ya ce mini wannan sarkin bai shekara a kan mulki ba, don haka kuɗinsa miliyoyi ne a wajen Turawa, in ɓoye kada kowa ya gani.

Yanzu ga inda nake. Na sayar da alkama, na ware kuɗin da zan ƙaro injin ban ruwa na biyu. Na je Kano na samu wani mai shago yana da injinan iri biyu. Akwai mai faifai irin na bidiyo, kuɗinsa ya kusa na injin ban ruwan. Akwai kuma wani a cikin akwati mai eriya biyu, ya ce wannan daga nisan kilomita yake jiyo zinare ya nuna maka inda yake, ko da ya kai zurfin rijiya. Shi wannan sai na haɗa da kuɗin albasa.

Shin injin nan yana aiki a yashin kogi kamar yadda yake yi a bakin teku? Wanne ne na gaskiya a cikin biyun? Kwabon nan nawa zai yi? Sannan in na tono wani abu a gonar baffa, nawa ne ko nasa? Ban gaya wa mai ɗakina ba tukuna, don na san abin da za ta ce.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in fara da na akwatin nan mai eriya: kada ka kuskura. Babu wata na'ura da ake riƙewa a hannu da za ta jiyo zinare daga nisan kilomita. An taɓa kawo mini irinsa gyara, na kwance shi, ban samu komai a ciki ba sai batir da ƙananan fitilu da wayoyin da ba su je ko'ina ba. Eriyar a sake take a kan ƙusa, hannun mai riƙon ne yake juya ta bai sani ba. Wannan damfara ta daɗe. Wani Baturen Ingila mai suna James McCormick ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe irin wannan wofin a matsayin na'urar gano bam, ana ce mata ADE 651, a 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 10. In ana iya yi wa gwamnati, ina ga manomin albasa.

Mai faifai kuwa na gaskiya ne, kuma akwai guda a hannuna, wani ubangidana da ya yi aikin shimfiɗa bututun ruwa ya bar mini. A cikin faifan nan waya ce a nannaɗe gida biyu. Ɗaya tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya tarar da ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da martani, ɗayar ta kama, injin ya yi kuka. Lambar da yake nunawa a fuskarsa kintace ne na irin ƙarfen: baƙin ƙarfe can ƙasa, azurfa da jan ƙarfe can sama. Zurfi kuwa, kada wani ya ruɗe ka. Kwabo guda irin naka, taƙi ɗaya ne, wato wajen santimita 20 zuwa 25, in ƙasar ta yi kyau. Babban abu kamar tukunyar ƙarfe zai iya jiyo shi a kamu ɗaya ko fiye kaɗan. Zancen zurfin rijiya tatsuniya ce.

Yashin kogi ya ma fi bakin teku sauƙi ta wani fannin, domin jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yana rikita ƙananan injina, mu kuwa ruwanmu ba gishiri. Matsalarmu marmara ce da jar ƙasa, da baƙin yashin nan mai ƙyalli da ruwa yake tarawa a kwana. Duk akwai sinadarin ƙarfe a cikinsu, sai injin ya yi ta surutu babu komai. Saboda haka in za ka saya, ka tabbata yana da wurin daidaita shi da ƙasar da kake kai, kuma faifansa ba ya shan ruwa. Sunayen da aka sani su ne Garrett na Amurka, Minelab na Ostareliya, Nokta na Turkiyya da XP na Faransa. Amma jabu sun cika gari, har da sunan a jiki.

Yanzu bari in gaya maka abin da za ka tono, don ni na yi a nan ƙasan gadar Wudil da rani. Murfin kwalbar lemo. Takardar sigari mai ƙyalli. Gwangwanin madara da na tumatir da suka ruɓe. Mataccen batirin tocila. Ƙugiyar masunta, da dalmar da suke ɗaura wa taru, ita kam har na tara cikin gwangwani na sayar wa 'yan gwangwan. Wata rana da hantsi ya yi wani kuka mai daɗi, lamba ta haura sama ta tsaya cak, gabana ya faɗi. Na durƙusa ina tono da hannu, yashi na komawa ramin ina fitarwa, yaran masu ɗibar yashi sun bar tifa sun kewaye ni. Da na kai gwiwar hannu sai ga murfin tukunyar sanholo a lanƙwashe. Har yau in na wuce sai wani ya ɗaga murya ya ce, Malam an samo murfin, saura tukunyar.

Abin haushin shi ne zoben zinare da takardar sigari da marfin gwangwanin lemo kusan lamba ɗaya suke bayarwa. In ka ce injin ya daina kula shara, ka ce ya daina kula zinare ke nan. Dole ka tone duka.

Wata dabara guda: abu mai nauyi ba ya zama a saman yashi, nitsewa yake yi shekara bayan shekara har ya tarar da laka ko yumɓu ya zauna. Tsakiyar kogi inda yashi ya kai gaba guda, ɓata lokaci ne. Inda ambaliya ta kwashe yashi ta bar ƙasa mai tauri, da gindin gaɓar da ta zaftare, nan ne wurin. Yaranku ma ai a nan suka samu, ba su da inji.

Bakano a Ingila

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari. Ina karatu a nan, garin da nake bai da nisa da teku, kuma ina ganin mutanen nan da sassafe, galibinsu dattawa ne da suka yi ritaya. Ka san me ya sa bakin teku yake ba su zobe? Ba tsufan wurin ba ne, cunkoso ne. Da zafi ya shigo dubban mutane suke kwararowa, kusan kowane mai aure da zoben zinare a yatsa, mace da namiji. Su shafa mai a jiki, su faɗa ruwan sanyi, yatsa ya tsuke, zobe ya sulale. Baɗi ma haka. Wato kullum ana sake zuba musu. Ga shi ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, in an yi guguwa kuma ta kwashe yashi ta buɗe abin da ya daɗe a ƙasa. To wa yake shiga kogin Haɗejiya da zoben zinare? Mazanmu ba sa sawa, matanmu kuma ba da shi suke zuwa wanki ba.

Tsofaffin kuɗin da kake gani ana samu a bakin teku kuwa, akasari inda jirgi ya taɓa nitsewa ne. Misali a gaɓar Fulorida ta Amurka, jiragen Sifaniya 11 ɗauke da azurfa da zinare sun nitse a guguwar 1715, shi ya sa har yanzu teku take amayo kuɗinsu. Babban abin da aka samu a nan Ingila ma ba a bakin teku ba ne, a gona ne. A 2009 wani mai suna Terry Herbert ya gano tarin kayan zinare na mutanen da a yankin Staffordshire, zinaren ya haura kilo 5, aka yi masa kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, aka raba tsakaninsa da mai gonar. Ka lura da wannan: da izinin mai gona ya shiga. Kuma suna da dokar 1996 da ta ce in ka samu abin da ya shiga sahun taska, ka sanar da hukuma cikin kwana 14, gidan tarihi ya saya a biya ku. Shi ya sa mutum ba ya tsoron nunawa.

Bidiyon minti goma da kake kallo, wunin mutum ne aka yanke aka bar maka daɗin. Na tsaya na yi hira da wani tsoho a cikinsu, ya zazzage mini jakarsa: marafan gwangwani, ƙusoshin tanti, mukulli, da 'yan sulallan yanzu da ba su isa kuɗin shayi ba. Ya ce likita ne ya ce ya riƙa tafiya, shi ya sa.

Tsohon Hedimasta, Gaya

Ɗana, kwabon da ke hannunka na san shi, na kashe irinsa. Gaskiya ne Edward na takwas ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba, kuma a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma mu nan Afirka ta Yamma an buga mana, kwabo da ɗari da anini, kuma an buga da yawan gaske, tunda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton kan sarki, suna kawai ake canzawa. Masu tara tsofaffin kuɗi suna sonsa don labarinsa, amma ba shi da wuyar samu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ba azurfa ba ne, gamin jan ƙarfe ne da wani farin ƙarfe. Mutumin da ya ce maka miliyoyi, ka ce ya ba ka rabin miliyan ka bar masa, ka ga gudu.

Bari in ba ka lissafin yadda muka taso. Anini 10 kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo, toro kwabo 3, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, fataka sule 2, fam kuma sule 20. Masu hujin nan sun fara shigowa tun 1907. A 1959 aka kawo na Tarayyar Nijeriya: toro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2. Ina koyarwa a lokacin, mun sha fama da tsofaffi a kasuwa.

Abin da nake so ka gane shi ne kuɗin ƙarfe baƙo ne a ƙasar nan. Kakannin kakanninka da kuɗin wuri suke ciniki, kuma injinka ba ya jin wuri, tunda ba ƙarfe ba ne. Wani Bature matafiyi mai suna Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza liyari ɗaya, wato babban kuɗin azurfa, a wuri 2,500. Keso guda, wato buhun wuri, 20,000 yake ci, kayan jaki sosai, amma liyari 8 kacal. To in attajirin kufanku ya binne dukiyarsa kafin zuwan Turawa, mafi yawa tulun wuri ne, za ka bi ta kansa da inji shiru kake ji. Dukiyar mutanen da ma ai ba a ƙasa take ba, tana cikin shanu da riguna da rumbu da doki.

Abu biyu ne suke da ɗan nauyi in Allah ya ba ka. Na farko liyarin da na ambata, babban kuɗin azurfa mai hoton wata sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, wanda fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Za ka ga an rubuta 1780, kada ka yi murna da shekarar, domin duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa, har a zamaninmu. Na biyu sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja na tsakanin 1913 da 1920, su azurfa ne. Daga 1920 aka mayar da su na tagulla mai ruwan ɗorawa. Kuma na azurfar ba su cika kwana a ƙasa ba, maƙeran fari sun narke su sun yi zobba da mundaye da awarwaro, matan Fulani kuma sun huda su sun jera a kitso.

Da ni ne mai neman sulalla, ba kogi zan nufa ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya ya miƙa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har Nguru. A bakin tashoshin nan aka kafa kantunan sayen gyaɗa, a nan ake zube wa manomi sulalla a tafin hannu da kaka, a nan mai haraji yake jira. Gindin tsohuwar tsamiyar kasuwa, bakin tsohuwar rijiya, inda aka yi sikeli. Sai dai duk wuraren nan suna da masu su.

Sannan ka tambayi tsofaffin garinku ko mashigin yau shi ne na da. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 halin kogin nan daban ne, kuma kogi mai yashi yana sauya kwanciya. Mai yiwuwa inda 'yan fito suke karɓar kuɗi yanzu albasar wani ce a kai.

Kada ka goge kwabon da toka ko lemon tsami ko yashi. Ruwa da sabulu kawai, ka shanya. Masu saye sun fi son shi da dattinsa.

Maman Walida, Dutse

Malam Ɗan Fadama, ni dai ta ɓangaren mata zan yi magana. Na taso a bakin kogi, na san abin da yake faɗuwa a wurin wanki: ɗan kunnen roba, awarwaron gwangwani, tsakiyar jigida in ta tsinke. Mai zinare a ƙauye ranar biki take fito da shi daga ƙasan adaka, ta mayar kafin magariba. In kuwa har ka tono na gaske a mashayar garinku, to wallahi akwai mai shi, ko ita ko 'ya'yanta, kuma duk garin an san ranar da ya ɓata, an san kukan da ta sha da faɗan da uwar miji ta yi mata. Yaya za ka kai shi kasuwar Kano a ɓoye?

Kuma ka gaya wa mai ɗakinka. Kuɗin alkama ba kai kaɗai ka sha ranarsa ba.

Almajirin Zaure, Taura

Maman Walida ta riga ni. Abin da muka karanta a zaure shi ne akwai bambanci tsakanin rikazi, wato binnanniyar dukiyar mutanen da, da tsintuwa. Hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa a cikin rikazi akwai humusi, wato ɗaya bisa biyar. Amma Imamu Malik ya fassara rikazi da binnen mutanen jahiliyya. Kwabon 1936 da zoben wata baiwar Allah ba su shiga nan ba. Abin da yake da alamar na Musulmi ne, hukuncin tsintuwa yake ɗauka: a yi cigiya shekara guda a inda ake zaton mai shi, kamar ƙofar masallaci da kasuwa. Abin da ba shi da wata ƙima, wanda mai shi ba zai waiwaye shi ba, wannan an yi sauƙi a kansa, kuma ina ganin kwabonka na yara a nan yake. Ko rikazin ne ma, a mazhabarmu abin da ya rage bayan humusi na mai ƙasar ne. Ka ga gonar baffa ba taka ba ce. In kuma kufan kakanninku ne, tulun da ka tono yana iya zama gadon mutum hamsin. Ka samu malamin garinku ku zauna kafin ka sa fartanya, ba bayan ka tono ba.

Kowane kufai kuma yana da makabarta, ko da an daina ganin alamarta. A kiyaye.

Ta fuskar hukuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izininta, ta kuma hana sayar da su ga kowa sai wanda ta amince wa. Kayan ƙira da sana'ar gida da aka yi kafin 1918 suna ciki. Saboda haka in ka ci karo da tsohuwar munduwa ko kayan doki na tagulla, Gidan Makama a Kano za ka nufa, ba dillali ba.

Sai gargaɗi ɗaya. Ranar da aka gan ka da injin nan, za a fara yi maka sallama. Wani zai ce ya yi istihara ya ga tulun zinare a gindin kukar kufanku, aljani ne yake gadi, a kawo baƙin bunsuru da turaren dubu kaza. A garinmu an yi wa wani haka, sai da ya sayar da shanun huɗarsa.

Ɗan Fadama, ƙasar Ringim

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, maganarku ta mashigi ta sa na je na samu wani tsoho da mahaifinsa ya yi fito. Ya ce inda muke ƙetarewa yanzu ba nan ba ne, na da yana gabas, wajen wata giginya da ta faɗi, kuma rabinsa yanzu fadamar mutane ce. Ya ce kuɗin fito a ƙoƙo ake tara shi a cikin jirgi, kuma ya san an taɓa kifewa ranar kasuwa. To kun ga an sake kunna ni.

Na akwati dai na fasa. Injin ban ruwa zan saya, mai ɗakina ta riga ta yanke hukunci tun kafin in gama bayani. Amma Malam Mai Gyaran Rediyo, tunda naka yana ajiye, ko za ka ba ni haya bayan an cire albasa? Ko ka zo da kanka mu je tare, kuɗin mota da abinci a wuyana, dalmar da muka samu taka ce. Zan fara gaya wa dagaci da mai fadamar, kuma gindin gaɓa kawai za mu bi, ba za mu hau kufai ba.

Mai Gyaran Rediyo, Wudil

Ba na ba da shi haya, wanda na taɓa ba wa ya dawo mini da sandar a karye. Amma zan zo, ban da ranar Juma'a, kasuwarmu ce. Ka tanadi batir ƙanana guda takwas masu kyau, ba na tallan bakin titi ba, da rariyar ƙarfe, da shebur, da buhun zuba shara don kada mu tone abu ɗaya sau biyu. Ka zo da kwabon naka, za mu fara binne shi a taƙi ɗaya a ƙasar wurin mu ji irin kukan da zai yi da lambar da zai bayar, sai mu san abin da muke saurare. Duk ramin da muka tona mu cike shi, shanu suna bi ta nan. Mu fita da asuba, don ƙarfe goma ta yi yashin nan ba ya takuwa. Ka turo mini sunan garin ta akwatin saƙo.